Dutse a Cikin Mazarƙwaila

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni ƙasar Zimbabuwe ya dawo da ni ban karya wa kowa haƙori ba. In kun bi ni a hankali za ku gane dalilin wannan godiya.

Sunana Iro, amma daga Likoro har kasuwar Makarfi, in ba ka ce Iro Mai Mazarƙwaila ba, babu mai nuna maka gidana. Bokona bai wuce aji uku ba, shi ma ukun malam ne ya gaji da ganina a aji biyu. Wanda ya ga harafi ya karkace a rubutun nan, ya taimaka ya miƙe shi da kansa.

Abin da na mallaka a duniya fadamar rake ce da na gada. Daga ita nake ci, daga ita na aurar da 'ya'ya. To a shekarun nan aka fara zancen wani farin dutse wai shi litiyam, wanda ake yin batirin waya da na mota mai caji da shi. Wani maƙwabcinmu ya saki gonarsa ga mahaƙa, suka mayar da ita ramuka, ba a sami komai ba sai saniyar Fulani da ta faɗa ciki. Duk da haka, ranar da babban ɗana Lawal ya tsinci wasu fararen duwatsu masu ƙyalli a bakin fadamata bayan mun sare rake, barci ya ƙaurace wa gidanmu. Ya nemo mahaƙa, ya ce kada a sake dasa rake, a tona kawai. Ni kaina ba zan yi muku ƙarya ba, na riga na zaɓi launin motar da zan saya.

Sai dai fadama in an tona ta, ta tafi ke nan. Na ce masa ya dakata sai na dawo daga tafiya. Ɗiyar ƙanwata, Ruƙayya, injiniya ce a wata mahaƙar wannan dutse a Zimbabuwe, aikinta da kwamfuta. Ta haihu, ta yi mini takwara, ta aiko da tikiti na zo na gan shi. Na ce zan kawo mata dutsen ta duba. Ta ce, “Kawu, kada ka ɗauko komai, ka zo da kanka kawai.”

Na ce to. A majalisar mai shayi kuwa aka tabbatar mini duk wanda aka kama da dutse a filin jirgi, kurkuku zai kwana. Sai na yi irin dabarar da ba mai yin ta sai mai sana'ata. Ranar dahuwa, da na zo zuba ruwan rake a kwanoni, na jefa 'yan duwatsun a cikin guda uku, mazarƙwaila ta daskare a kansu. Na danna wa kowacce babban yatsa don shaida. Na raba tsarabar biyu, rabi a jakar hannu, rabi a babbar jaka. Ranar na ji a raina da an bar ni na kai aji huɗu, da yanzu ni ke riƙe da ƙasar nan.

Zangon farko Habasha, inda za a canja jirgi. Filin jirgin nan ya fi garinmu girma, kuma duk mutanen cikinsa sauri suke yi kamar an ce gobara. Aka ce kowa ya ɗora jakarsa a kan wani bel mai shiga akwati. Tawa ta shiga, ba ta fito ba. Wata ma'aikaciya ta yafito ni, ta juyo mini da allo. Wallahi ga mazarƙwailata nan jere kamar an yi musu hoton asibiti, biyu daga ciki kowacce da baƙin ɗa a cikinta.

Tsoro ya kama ni, amma abin da ya fi tsoron yawa mamaki ne. Na matsa kusa da allon ina leƙe, har sai da aka ja ni baya. Akwati ya ga abin da na binne da hannuna.

Suka kai ni wani ɗaki. Su ba Hausa, ni Turancina na sayar da mazarƙwaila ne, daga “kam” sai “hawa moc”. Ana cikin haka wani mutum mai babbar riga da tulun ciki ya leƙo, ya ce, “Ikon Allah. Daga jin wannan Turancin na san Bazazzagi ne.”

Na ce, “Kai kuma daga ganin tumbin nan na san Kano ta yi asarar abinci.”

Sunansa Alhaji Sabo, ɗan kasuwa ne mai zuwa saro takalma. Shi ya tsaya ya yi mini tafinta. Aka fasa biyun a gaban kowa, duwatsu suka faɗo. Ma'aikatan suka juya su, suka kira wani, shi ma ya juya. Alhaji Sabo ya yi musu dogon bayani suna ta dariya. Na tambaye shi me ya ce musu.

Ya ce, “Na ce musu a garinku haka kuke yi don ta yi nauyi a sikeli.”

Suka riƙe duwatsun, suka ja mini kunne, suka sake ni. Kafin nan jirgina ya tashi ya bar ni. Alhaji Sabo ya kai ni inda aka canja mini zuwa na gobe, ya nuna mini wurin salla, ya saya mini shayi da burodi, ya kira Ruƙayya da wayarsa ya gaya mata na makara, bai faɗi dalili ba. Da za mu rabu na ba shi mazarƙwaila daga jakar hannu, tunda na san waɗannan an riga an tantance su. Ya karɓa ya ce, “Zan kai wa surukata, ko da sauran dutse a ciki.”

Na kwana a kan kujerar ƙarfe, ina lissafin cewa saura dutse ɗaya tak, yana can cikin babbar jaka.

Zango na biyu Harare. Na baro gida rani tsakiya, na sauka ana tsuga ruwan sama kamar watan Agusta. Na tsaya ina kallon ciyawa kore shar, na ce ashe damina ba ƙarewa take yi ba, ƙaura take yi. Ruƙayya ta ce za ta turo direba, don mahaƙar tana da nisa kuma ita tana jego. Ina fitowa na ga wani saurayi mai fara'a yana ta murmushi a gabana. Na ce, “Ruƙayya?” Ya gyaɗa kai da ƙarfi. Na ce, “Injiniya?” Ya ƙara gyaɗawa. Da na ce masa Fir'auna ma gyaɗawar zai yi. Ya ɗauki jakata, na bi shi ina jin daɗin yadda aka san 'yarmu a ƙasar nan.

Ya zaga da ni gari har na fara gane wasu gidaje, na ga mun wuce wani gidan mai sau biyu. Daga ƙarshe ya sauke ni a wata tashar mota, ya nuna aljihuna, na ba shi abin da Ruƙayya ta aiko mini na ko-ta-kwana, ya zari wanda ya yi masa, ya ce in jira. Har yau ina jira.

Wayata ba ta kama layin ƙasar ba. Ruwa ya jiƙa ni, na rakuɓe a gefen rumfar wata mai abinci, na zauna a kan jakata. A nan ne gida ya faɗo mini. Na tuna war haka ina rumfar injin matsa rake, hayaƙi na tashi, matata Ladidi ta aiko da fura. Na tuna Lawal da mahaƙansa, ban san ko sun jira ni ba. Tsoho da furfura, na ji idona yana yaji, na ɗora wa hayaƙin mota laifi.

Mai abincin, wata dattijuwa mai ɗaurin kallabi, ta daɗe tana kallona. Can ta miƙo mini kwano. Na buɗe, sai ga tuwon masara fari tas da ganye. Su sadza suke ce masa, amma ni na san ɗan'uwana in na gan shi. Na nuna mata ba na cin nama in ban san yankansa ba, ta gane, ta ƙara mini ganye. Na cinye har da suɗe kwano. Na nuna mata lambar Ruƙayya da na rubuta a cikin hulata, ta kira da wayarta. Na ji muryar Ruƙayya kamar za ta yi kuka, wai direbanta na can filin jirgi da sunana a kwali tun safe.

To ɗan Likoro ba ya cin abincin mutum ya share baki ya tafi. Na buɗe babbar jaka zan ba ta tsaraba. Danshin damina ya sa mazarƙwaila ta yi gumi, fuskokinsu sun narke sun yi sumul. Shaidar yatsana ta ɓace. Na ɗaga wannan na auna a hannu, na ɗaga waccan, duk ɗaya. Matar na tsaye tana jira. Na rufe ido na miƙa mata guda.

Ta kai baki za ta gatsa, na yi wuf na riƙe hannunta. Na karɓe, na ɗauki muciyarta na fasa a kan tebur. Babu dutse. Na tattara gutsattsarin na miƙa mata da hannu biyu. Ta dube ni, ta dubi gutsattsarin, na tabbata ta yanke hukuncin haka ake ba da kyauta a ƙasarmu. Ta ɗanɗana. Sai ta rufe ido, ta kira maƙwabciyarta.

Haka na yi da direban gaskiya da ya zo ya ɗauke ni, haka na yi da mai gadin da ya buɗe mana ƙofa. Duk wanda ya yi mini alheri sai na fasa masa kyautarsa a gabansa. Ba zan iya fasa sauran duka ba kuwa, don ba a shiga gidan mai jego da ɓarɓashi, a ce ga abin da kawu ya kawo daga gida.

Zango na uku shi ne mahaƙar. Tafiyar yini ce, rabinta a kan hanyar laka, sau ɗaya ma sai da muka sauka muka tura. Na ga takwarana, ƙato da shi, yana da goshina, Allah ya ba shi haƙuri. Wayata ta kama intanet ɗin gidan, sai ga saƙon murya daga Lawal: mahaƙa sun gaji da jira, sun ce in ba a fara ranar Asabar ba za su wuce wani gari, shi kuma ba zai bari arziki ya wuce shi ba.

Washegari Ruƙayya ta nemo izini ta zaga da ni. Aka kifa mini hular kwano a kan hulata, aka sa mini takalma masu nauyin turmi. Ta haɗa ni da abokin aikinta, Tendai, wani dogo mai wushirya.

Abin da na gani, ni dai ban san da bakin da zan faɗe shi ba. Da farko ta kai ni ofis, ta nuna mini allo. Ta ce kafin su tona ko'ina, siririn rami suke hudawa nan da can, kamar bohol, su zaro dutse su auna. Duk awon sai a zuba wa kwamfuta, ita kuma ta haɗa, ta zana yadda cikin ƙasa yake. Ta taɓa allon, sai ga ƙasa ta tsage kamar an yanka kabewa, ga jijiyar dutsen nan ja tana kwance, ta lanƙwasa, ta nutse. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa da yatsa ɗaya.

Na ce, “Yanzu duk wannan ba wanda ya shiga ya gani?”

Ta ce, “Babu, Kawu. Lissafi ne. Wani wurin ta dace, wani wurin ta kuskure mu gyara mata. Amma ta hana mu tona inda babu komai.”

Na tuna gonar maƙwabcinmu da saniyar Fulani.

Daga nan muka shiga wata rumfa inda suke gwajin wani inji. Duwatsu ne ke gudu a kan bel, su bi ta ƙarƙashin wani akwati, in sun zo faɗawa sai ka ji fit, fit, fit, iska na harbe wasu gefe guda. Ruƙayya ta ce akwatin na haska cikin kowane dutse, kwamfuta ta duba ta yanke hukunci kafin ƙiftawar ido. An nuna mata duwatsu ba iyaka, wannan mai kyau, wannan banza, har ta koya. Da can duka ake niƙewa, a ɓarnatar da ruwa da wuta a kan dutsen da ba shi da amfani.

Na ce, “Wato tsintar tsakuwa a shinkafa, amma tsakuwar ake so.”

Na tsaya a gaban injin nan baki buɗe. Duk fit ɗin da ya yi sai na ji kafaɗata ta motsa. Da za a bar ni da na yini. Can sai Habasha ta faɗo mini a rai. Na ja Ruƙayya gefe.

“'Yar nan, wannan akwatin naku, yana ganin cikin abin da ba dutse ba?”

Ta ƙura mini ido irin na uwarta. “Kawu, me ka yi?”

Na gaya mata. Ta dafe kai. Ta ce da an ɗaure ni me za ta gaya wa dangi, ta ce ba ta hana ni ba? Na sunkuyar da kai kamar na ji kunya. Ta juya ta fassara wa Tendai don ya taya ta faɗa, shi kuwa sai ya zauna a kan bokiti yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce a je a ɗauko jakar.

Suka tsayar da injin, suka share bel, Tendai ya danna 'yan wasu abubuwa, ya ce wa kwamfutar ta nemo mai nauyi a ciki kawai. Aka ɗaure kowace mazarƙwaila a leda, aka jera. Ma'aikata suka taru. Bel ya motsa. Ta farko ta wuce shiru. Ta biyu shiru. Suna ta wucewa, ina ta salati, har na fara tunanin ko na bar ta a gida. Sai fit. Guda ɗaya ta yi tsalle ta faɗa kwando ita kaɗai.

Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na cire hular kwano na jinjina wa injin. Tendai ya fasa ta da guduma, ga dutsena fari yana ƙyalli. Sauran mazarƙwailar kuwa ko ƙwarzane babu, tsarabar mai jego ta tsira da mutuncinta.

Aka wanke dutsen aka kai ɗakin awo. Ina zaune ina ƙara duba launin motata a zuci. Ruƙayya ta dawo da shi a tafin hannu.

“Akwai abin a cikinsa, Kawu, ɗan kaɗan. Amma shafa shi ka ji.”

Na shafa. Sumul, ba kaifi ko ɗaya.

Ta ce, “Dutsen da aka ɓalle daga uwarsa kaifi gare shi, dubi namu. Wannan ruwa ya daɗe yana mirgina shi.”

Ta buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, ta yi ta matsowa, ta yi ta matsowa. Ga titin Zariya, ga Likoro, ga wata tsamiya. Tsamiyata. Ga rumfar injina da kwanon da iska ta ɗage ban gyara ba. Na kai hannu na taɓa allon. Na yi kwana da kwanaki ina tafiya, yarinyar nan ta mayar da ni gida da yatsa.

Ta sa kwamfuta ta bi tudu da gangaren wurin, ta zana hanyar da ruwa ke bi in an yi sama. Wani shuɗin zare ya fito daga fadamata, ya yi ta hawa har ya tsaya a wani fako mai duwatsu can bayan gari, inda ko akuya ba ta daɗewa.

“Ba zan rantse maka akwai arziki a fakon nan ba, sai an je da izinin hukuma an huda an auna. Amma dutsenka daga can ya gangaro. Baƙo ne a gonarka, Kawu, kamar yadda kake baƙo a nan. In kuka tona fadamar, laka za ku samu da ruwa.”

Na ji motata ta tashi ta tafi ba ni a ciki. Abin mamaki, ban bi ta da kallo ba. Tsamiyar nake kallo.

Ranar Juma'a ce. Na ce ta kira mini Lawal ta bidiyo. Ya ɗauka yana tsaye a bakin fadamar, bayansa ga mutane da diga da shebur, har sun kafa turaku.

Na ce, “Lawal, gobe ba Asabar ba ce?”

Ya ce, “Baba, alama kawai muke sawa.”

Ruƙayya ta juya masa allon ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, ya ɓata fuska. Ya ce, “Yanzu Baba kwamfutar da ba ta taɓa taka Likoro ba ita za ta hana mu?”

Na ce, “Ni ma da haka na ce. Na binne dutse a cikin mazarƙwaila, ni da na binne na kasa gane shi, ita ta tsamo shi ana gudu. Ɗauki ɗaya daga duwatsun da ke gabanka ka shafa. Akwai mai kaifi?”

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗauki wani. Ya miƙa wa shugaban mahaƙan, wani baƙin mutum mai tsage, shi ma ya murza a yatsa, ya dubi gangaren. Ya tofar da yawu ya fara zare turaku.

Lawal ya ce, “To yanzu ya zan yi da mutanen nan? Na tara su, na ciyar da su.”

Na ce, “Ba da kayan aiki suka zo ba? Ga irin rake can a rumfa yana bushewa. Ka yi jinga da su su ja maka kunya.”

Na ji wani a bayansa ya fashe da dariya. Lawal bai yi ba. Sai da na yi wata guda da dawowa kafin ya fara gaishe ni da cikakkiyar murya.

Yanzu da nake rubutun nan rake ya kai ƙugu. Fakon yana nan ba wanda ya taɓa, mai gari ya ce sai masu awo sun zo, ni kuma aka naɗa ni mai bayanin kwamfuta a majalisar mai shayi, inda nake ƙara gishiri daidai gwargwado. Dutsen yana aljihuna, na dawo da shi a fili da takardar Ruƙayya, ba wanda ya ko dube shi.

Shekaranjiya ta kira. Wai Tendai da mutanen rumfarsa sun cinye tsarabar mai jego, suna tambaya yaushe za a ƙaro. Ya ce a gaya wa Kawu, wannan karon ban da dutse.

Na ce ta gaya masa ban yi alkawari ba. Suna da inji, su duba.